Yadda Jama'a Za Su Haɗa Kai Su Kai Kamfani Ƙara Kotu

Kamfanin waya ya zari kuɗin dubban mutane a kan hidimar da ba su nema ba. Masana'anta ta malalo dagwalo cikin ruwan da unguwa guda ke sha. Kamfanin zuba jari ya tara kuɗin 'yan kasuwa, ya wayi gari ya garƙame ofis. A irin waɗannan lamurra, abin da mutum ɗaya ya rasa sau da yawa bai kai kuɗin lauya ba, shi ya sa akasari ake cewa an bar wa Allah. Kamfanoni kuwa sun san da haka. Idan aka ci sefa 1,000 daga hannun mutum 500,000, kamfani ya tashi da sefa miliyan 500, kuma da wuya a samu wanda zai taka zuwa kotu saboda jaka ɗaya.

Domin toshe wannan kafa aka ƙirƙiro ƙarar haɗaka, wadda ake kira action de groupe ko recours collectif da Faransanci. Mutane masu yawa da kamfani ɗaya ya cuta ta hanya ɗaya suna haɗa kokensu ya zama shari'a guda, su raba ɗawainiyarta, su kuma raba abin da aka samu. Shari'o'in da aka yi a Kano da Abijan da yankin Neja Delta sun nuna cewa aikin da ke yanke makomar irin wannan ƙara yana wajen zauren kotu: rubuta sunaye da tara shaida tun da wuri, da shirya yadda diyya za ta isa hannun masu ita. Ga Hausawan zango da ke Yawunde, Duwala, Akra, Kumasi, Njamena ko Abijan, waɗanda da dama takardunsu na ƙasa biyu ne kuma sana'arsu ta tafiye-tafiye ce, waɗannan wurare biyu ne aka fi barin mutum a baya.

Kowace ƙasa da irin tata

A Amurka wannan tsari ya fi ƙarfi. Doka ta 23 cikin ƙa'idojin shari'ar farar hula na kotunan tarayya, wadda aka yi wa babban gyara a 1966, ta ba mutum ɗaya ko 'yan kaɗan damar shigar da ƙara da sunan duk wanda abin ya shafa. Kafin a ci gaba sai alƙali ya gamsu da abu huɗu: mutanen sun yi yawan da ba za a iya kawo su ɗaya bayan ɗaya ba, matsalarsu iri ɗaya ce, koken masu wakilci ya yi daidai da na sauran, kuma wakilan da lauyoyinsu za su iya kare muradin kowa. Idan ya amince, duk wanda ya dace da bayanin rukunin yana ciki, sai fa wanda ya rubuta ya ce a cire shi. Sulhu da ladan lauya ma sai alƙali ya sa hannu.

A Ingila akasin haka ne a yawancin shari'o'i: sai mutum ya sa sunansa a rajistar masu ƙara kafin a lissafa da shi. Faransa kuwa sai a 2014 ta shigo da ƙarar haɗaka, ta hanyar dokar da aka sani da loi Hamon, kuma ƙungiyoyin kare masu saye da hukuma ta amince da su ne kaɗai aka ba ikon shigar da ita. A 2016 aka faɗaɗa ta zuwa fannin lafiya da muhalli da nuna wariya.

A ƙasashenmu ba a samun irin ta Amurka sak. Ghana da Najeriya, da suka gaji tsarin shari'ar Ingila, suna da ƙarar wakilci: idan mutane da yawa suna da muradi ɗaya a kan magana ɗaya, wasu daga cikinsu na iya tsayawa a madadin saura, hukuncin kuma ya hau kan kowa. An fi amfani da ita a rigimar fili da ta sarauta. Idan ana neman diyya kuma asarar kowa ta bambanta, kotu kan so kowane mutum ya nuna tasa asarar.

A Kamaru, Nijar, Cadi, Benin, Togo da Kwaddibuwa, inda aka gaji tsarin Faransa, akwai tsohuwar ƙa'idar da ke cewa ba wanda zai yi shari'a da sunan wani ba tare da an bayyana mai ƙarar ba. Saboda haka hanyoyi uku aka fi bi. Ta farko, a shigar da ƙara ɗaya ɗauke da sunan kowa, kowa ya ba lauya takardar wakilci. Ta biyu, a bi ta ƙungiyar da ke da rajista. A Kamaru, dokar kare masu saye ta 6 ga Mayu 2011 ta ba ƙungiyoyin masu saye damar zuwa kotu domin kare muradin jama'a. Ta uku, idan abin da kamfani ya yi laifi ne, kamar zamba ko sakacin da ya jawo rasa rai, waɗanda aka cuta na iya shiga shari'ar laifin a matsayin masu neman diyya, abin da ake kira partie civile. Wannan hanya ce iyalai da dama suka bi bayan hatsarin jirgin ƙasa na Eseka a ranar 21 ga Oktoba 2016, wanda hukumomin Kamaru suka ce ya kashe mutum 79. A Satumbar 2018 kotun Eseka ta samu kamfanin Camrail da laifi.

Mataki na farko: magana ɗaya, kamfani ɗaya

Kafin a kira taro, a zauna a rubuta abin da ya faru cikin jimloli uku ko huɗu: me kamfanin ya yi ko ya ƙi yi, yaushe, a ina, kuma wace asara ta biyo baya. Idan bayanin ya dace da kowa, akwai tushen ƙarar haɗaka. Idan wasu na kukan albashi, wasu na kukan ƙura, wasu na kukan filin da aka ƙwace, to shari'o'i uku ke nan, kuma cusa su wuri ɗaya zai ba lauyan kamfani makamin wargaza su duka.

Daga nan sai a gano ainihin sunan kamfanin a wurin doka. Sunan da ke jikin allo ko kwalba ba lallai ne ya zama wanda ke rajista ba. A ƙasashe 17 na yarjejeniyar OHADA ana duba rajistar kasuwanci ta RCCM a ofishin magatakardar kotu ko ofishin rajistar kamfanoni. A Najeriya hukumar CAC ce, a Ghana kuma ofishin rajistar kamfanoni. Takardar za ta nuna cikakken suna, hedikwata da shugabanni. A wurin doka, reshen da ke Duwala da uwar kamfani da ke Paris ko Landan mutane biyu ne daban, kuma ƙarar da aka kai wa wanda ba shi ba kan mutu tun a bakin ƙofa. A kuma bincika ko kamfanin yana da dukiyar da za a iya kamawa ko inshorar da za ta biya, domin hukunci a kan kamfanin da ya tsiyace takarda ce kawai.

Mataki na biyu: rajistar sunaye da shaida

Nan ne darasin Kano yake. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, an ba rabi Trovan, rabi kuma wani maganin da aka saba amfani da shi. Yara 11 sun rasu, wasu sun nakasa. Iyaye sun ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba. Kamfanin ya musanta, ya ce cutar ce ta yi kisan. Iyalai sun shigar da ƙara a New York a 2001, aka yi ta korar ta ana dawo da ita, har zuwa Janairun 2009 da kotun ɗaukaka ƙara ta ce a saurare su. A wannan shekarar kuma gwamnatin Kano ta yi sulhu da kamfanin a kan dala miliyan 75, aka ware miliyan 35 domin waɗanda abin ya shafa.

Da aka zo rabo sai tambaya ta taso: su wane ne yaran? Shekara 13 ta wuce. Sama da mutum 500 suka fito, alhali yara 200 aka yi wa gwajin, sai aka sa sharaɗin gwajin ƙwayar halitta ta DNA, wanda wasu iyalai suka ƙi yarda da shi. Sai a Agustan 2011, shekara 15 bayan aukuwar lamarin, iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu.

Saboda haka, tun makon farko a buɗe littafi. Kowane mutum a rubuta cikakken sunansa kamar yadda yake a katin ɗan ƙasa, lambar katin, ranar haihuwa, inda yake zaune, lambar wayarsa da ta wani ɗan'uwa da ba ya yawan tafiya, abin da ya same shi, da sa hannu ko dangwale. A ɗauki hoton kowace takarda, a ajiye kwafi a wuri biyu.

Mazauna zango su kula da rubutun suna. Mutum ɗaya kan zama Mahamadou a katin Nijar, Muhammadu a takardar asibitin Najeriya, Mohammed a layin wayarsa na Ghana. Aboubacar da Abubakar, Oumarou da Umaru, a wurinmu abu ɗaya ne, amma ga akawun da ke tantance sunaye a Landan mutane biyu ne. A rubuta duk sigogin a rajista, a haɗa da takardar rantsuwa da ke tabbatar da cewa mutum ɗaya ne. Wanda ba shi da takardar haihuwa ya nemi hukuncin kotu da ke maye gurbinta, wato jugement supplétif, tun yanzu. Idan wanda aka cuta ya rasu, magada su nemi takardar mutuwa da ta gado.

Shaida kuma ita ce rasit, kwangila, saƙonnin waya, bayanan turawa da karɓar kuɗi, katin asibiti, takardar likita, kwalin magani ko kayan da suka lalace, hotuna da bidiyo masu kwanan wata. A ƙasashen da ke amfani da Faransanci, a kira huissier ya zo ya gani da idonsa ya rubuta rahoto, domin kotu na ba rahotonsa nauyi sosai. Idan maganar gurɓata ruwa ko ƙasa ce, a bar masu ɗakin gwaji da hukuma ta sani su ɗebi samfurin da kansu. Ruwan da wani ya ɗebo a gora ya kai, kamfani zai ce ba a san daga ina ya fito ba. Kada a sa sunan wanda abin bai shafa ba don zumunci ko don a ƙara yawa. Suna ɗaya na ƙarya da lauyan kamfani ya bankaɗo ya isa ya jefa shakku a kan dubu na gaskiya.

Mataki na uku: kwamiti da ƙungiya

A zaɓi kwamiti a bainar jama'a, a rubuta abin da taron ya yanke. Wakilai su kasance daga cikin waɗanda abin ya shafa, kuma a sa mata da matasa, domin asarar mai tuyar ƙosai da ta mai shago ba ɗaya ba ce. Sarkin zango ko sarkin Hausawa da limamai suna da amfani wajen tara mutane da shaidar wane ne wane, amma ikon sa hannu a kan sulhu ko karɓar kuɗi kada a ɗora shi a kan mutum ɗaya, kowane ne shi.

A yi wa ƙungiyar rajista, a buɗe mata asusun banki da sai mutum biyu ko uku sun sa hannu kafin a cire kuɗi. Dokar ƙungiya ta fayyace nawa kowa zai ba da, wa ke magana da lauya, da kuma kashi nawa na mambobi za su yarda kafin a karɓi tayin sulhu. A wasu ƙasashe ƙungiyar da baƙi ke jagoranta tana buƙatar izini na musamman, don haka a tambayi lauya kafin a rubuta sunayen shugabanni.

A gargaɗi kowa da abu biyu. Kada wanda ya sa hannu a kan takardar da kamfani ya kawo da sunan taimako ko jaje kafin lauya ya karanta ta, domin sau da yawa a cikinta akwai layin da ke cewa mutum ya yafe duk wata ƙara. Sannan a yi hattara da abin da ake yaɗawa a WhatsApp da Facebook. Zargin da ba a iya tabbatarwa na iya jawo ƙarar ɓata suna, a mai da mai neman haƙƙi ya koma wanda ake tuhuma.

Mataki na huɗu: a kula da wa'adi

Kowace ƙara tana da wa'adin da idan ya wuce kotu ba za ta saurare ta ba, komai gaskiyar mai ita. A Faransa shekara biyar ce ga yawancin ƙararrakin farar hula, shekara goma ga raunin jiki. A Ingila shekara uku ce ga raunin jiki, shida ga sauran ɓarna. A watan Mayun 2023 kotun ƙolin Birtaniya ta yi watsi da hujjar wasu 'yan Najeriya da suka nemi diyya daga Shell da sunan dubban mutane a kan malalar mai ta Bonga da ta auku a Disambar 2011. Sun ce tunda man yana nan a gaɓar tekunsu, ɓarnar ba ta ƙare ba. Kotun ta ce malalar sau ɗaya ta faru, wa'adi kuma daga lokacin yake farawa. Tambayar farko da za a yi wa lauya ita ce: kwana nawa suka rage mana? Tattaunawa da kamfani ba ta tsayar da lissafin wa'adi da kanta, kuma jan zance har lokaci ya ƙure dabara ce sananniya.

Mataki na biyar: takardar gargaɗi da hukumomi

Kafin kotu, lauya zai aika wa kamfani takardar gargaɗi, mise en demeure, da ke bayyana abin da ya faru, abin da ake nema da ranar da ake jiran amsa. A rubuta ta da natsuwa, domin a kanta za a gina shari'ar. A Fabrairun 2023 wani alƙali a Paris ya ƙi karɓar ƙarar da ƙungiyoyin Faransa da na Uganda suka kai TotalEnergies a kan aikin man fetur a Uganda, bisa dalilin cewa buƙatun da suka gabatar a kotu sun sha bamban da waɗanda ke cikin takardar gargaɗinsu ta 2019.

A kuma kai koke ga hukumar da ke sa ido a kan fannin. Ga harkar waya akwai ARCEP a Nijar da Cadi, ART a Kamaru, NCA a Ghana, NCC a Najeriya. Ga ma'aikata, a Kamaru dole a fara zuwa wurin sufeton ƙwadago ya gwada sasantawa kafin a wuce kotu. Ko hukumar ba ta sa an biya ba, rahotonta shaida ce mai ƙarfi, kuma ba ta cin kuɗi kamar shari'a.

Mataki na shida: lauya da kuɗin shari'a

A nemi lauyan da ke da rajista a ƙungiyar lauyoyi ta ƙasar, a tambaye shi irin shari'o'in da ya taɓa yi da manyan kamfanoni, da kuma ko yana yi wa wannan kamfani ko wani reshensa aiki. Yarjejeniya ta zama a rubuce, a karanta wa mambobi ita da Hausa. Ta faɗi nawa ne ladansa, wa zai biya masana da masu gwaji, me zai faru idan aka sha kaye, da kuma cewa ba zai karɓi sulhu ba sai da yardar masu ƙara.

A Amurka lauya kan ɗauki nauyin shari'a, ya karɓi kaso idan an yi nasara. A Ingila ma akwai tsarin da ba a biyan lauya sai an ci. A tsarin Faransa an hana a ɗora ladan lauya kacokan a kan sakamako, amma ana iya yanka masa lada tsayayye a ƙara da kaso idan an samu nasara. Marasa hali na iya neman agaji daga hukumar ANAJJ a Nijar, ko hukumomin ba da agajin shari'a na Ghana da Najeriya. A sani kuma cewa a wurare da dama wanda ya sha kaye shi ke biyan kuɗin shari'a. Wani abin da ya shafi baƙi kai tsaye shi ne, wanda ake ƙara na iya roƙon kotu ta sa mai ƙarar da ba ɗan ƙasa ba, ko wanda ke zaune a waje, ya ajiye kuɗin jingina tukuna, sai dai idan akwai yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu da ta ɗauke masa. A lissafa wannan tun farko, a duba wa ya dace ya kasance a sahun gaba.

Mataki na bakwai: wace kotu?

Asali ana kai ƙara inda hedikwatar kamfani take ko inda ɓarnar ta auku. A duba kwangila ko tana da sharaɗin zuwa wurin masu sasanci maimakon kotu. Idan akwai fargabar kamfani zai kwashe dukiyarsa, dokar OHADA ta ba da damar neman alƙali ya sa a riƙe kadara ko asusunsa kafin hukunci.

Idan uwar kamfani tana ƙetare, akwai ƙofofin da aka buɗe. A 2019 kotun ƙolin Birtaniya ta yarda manoma 1,826 na Zambiya su yi shari'a da Vedanta a Landan kan gurɓatar ruwa daga mahaƙar tagulla, a 2021 kuma ta buɗe wa al'ummomin Ogale da Bille na Najeriya hanya a kan Shell. A Janairun 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta Hague a ƙasar Holan ta ɗora wa reshen Shell na Najeriya alhakin malalar mai, bayan ƙarar da manoma huɗu suka shigar tun 2008. Daga baya aka daidaita a kan yuro miliyan 15. Faransa tana da dokar 2017 da ta wajabta wa kamfanonin da ke da ma'aikata 5,000 a cikin ƙasar ko 10,000 a duniya su sa ido a kan rassansu da 'yan kwangilarsu. Ƙofar Amurka kuwa ta ƙuntata: hukuncin Kiobel na 2013 da wani na 2018 sun taƙaita dokar da iyalan Kano suka yi amfani da ita.

Kotun CEDEAO da ke Abuja gwamnatoci take saurara a kansu. A shari'ar da ƙungiyar SERAP ta kai kan gurɓatar Neja Delta, kotun ta ce ba ta da hurumi a kan kamfanonin mai, amma a 2012 ta samu gwamnatin Najeriya da gazawa wajen tsawata musu. Kamaru da Cadi ba sa cikin CEDEAO, Nijar da Mali da Burkina Faso kuma sun fice a Janairun 2025.

Mataki na ƙarshe: yadda kuɗi zai isa hannu

Yawancin irin waɗannan shari'o'i da sulhu suke ƙarewa, kuma a nan ake yin kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. A Agustan 2006 aka zubar da dattin jirgin ruwan Probo Koala, wanda kamfanin Trafigura ya yi haya, a wurare da dama cikin Abijan. Sama da mutum 100,000 suka nemi magani. A 2007 kamfanin ya biya gwamnatin Kwaddibuwa kimanin dala miliyan 200 ba tare da amsa laifi ba. Ofishin lauyoyi na Leigh Day ya shigar da ƙara a Landan da sunan mutum kusan 30,000, a Satumbar 2009 aka yi sulhu a kan fam miliyan 30, wato kusan fam 1,000 ga kowa. An zuba kuɗin a asusu ɗaya a Abijan. Sai wata ƙungiya ta fito ta ce ita ce wakiliyar waɗanda abin ya shafa, kotun ƙasar ta ba ta iko a kan kuɗin, wani kaso ya salwanta, mutum kusan 6,000 suka tashi a tutar babu. A 2016 wata kotun Landan ta ce ofishin lauyoyin ya yi sakaci wajen kare kuɗin.

A Bodo da ke ƙasar Ogoni an bi wata hanya. Bayan malalar mai ta 2008, Shell ya amince a Janairun 2015 ya biya fam miliyan 55: miliyan 35 ga masunta da manoma 15,600, miliyan 20 ga al'umma. An tura wa kowa kasonsa, kimanin fam 2,200, cikin asusun bankinsa kai tsaye. A Afirka ta Kudu, kamfanonin haƙar zinariya sun amince a 2018 su biya rand biliyan 5 ga leburorin da ƙurar rami ta lalata wa huhu, aka kafa asusun amana na Tshiamiso domin rabo. Da yawa daga cikin leburorin 'yan ci-rani ne daga Lesotho da Mozambik da sauran maƙwabta, kuma gano waɗanda suka koma gida ko magadansu ya zama babban aiki.

Don haka kafin a sa hannu a kan sulhu, takardar ta amsa waɗannan tambayoyi: wa ya cancanta kuma da wace shaida, yaya za a bambanta mai babbar asara da mai ƙarama, nawa za a cire na lauya da na ɗawainiya, a wane asusu kuɗin zai zauna kuma wa ke da iko a kansa, yaya wanda ya koma Maraɗi ko Kano ko Garwa zai karɓi nasa, wa zai karɓa wa mamaci, kuma har yaushe ƙofa za ta kasance a buɗe. A nemi kotu ta tabbatar da yarjejeniyar, a liƙa jerin sunaye inda kowa zai gani, a kuma dage a tura wa kowa kasonsa ta asusun banki ko na waya da ke ɗauke da sunansa.

Lamarin Kano ya ci shekara 15 daga aukuwarsa kafin a fara biya, shari'ar manoman Neja Delta a Holan ta kai 13 kafin hukunci, mutanen Bodo kuma sun jira sama da shekara shida bayan malalar mai. Duk wanda zai shiga ya san tafiyar doguwa ce, wasu za su ƙaura, wasu za su rasu, wasu kamfani zai ja su gefe ya ba su na goro. Kwamitin da ke kiran taro a kai a kai, yana sabunta lambobin waya, yana karanta wa mutane lissafin kuɗi da takardun lauya da harshen da suke ji, shi ne zai kai jama'arsa ranar biya ba a watse ba.